Giga huɗu a jikin kwali: darasin da tsohon katin hoto ya koya wa makarantarmu



Yau maganata a kan wani ɗan ƙarfe ce da bai fi tafin hannu ba, wanda ya cinye wani kaso na kuɗin da iyaye suka tara mana bayan kaka, ya bar mu da darasin da bai kamata mu ɓoye ba. Masu gyaran kwamfuta a Damagaram suna ce masa "kart girafik". Ni zan kira shi katin hoto, tunda aikinsa shi ne zana abin da ido ke gani a allon kwamfuta. Ra'ayina tun daga farko shi ne: yawancin makarantunmu na Damargu ba sa bukatar sayen wannan kati, in kuma bukatar ta kama, to lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwali ita ce ta ƙarshe da ya kamata a duba.

Sana'ata koyarwa ce. Makarantar horon malamai ta Askiya Muhammad da ke Damagaram na yi, na koyar a firamare shekaru da dama, yanzu kuma ina koyar da lissafi da kimiyya a wata kwaleji a ƙasar Tarka, cikin gundumar Belbeji. Abin da zan faɗa, wani da hannuna na taɓa shi, wani kuma a takardar bayanin kamfanin da ya ƙera katin na karanta, bayan aikin gama ya gama.

Yadda abin ya faru

Wani ɗan garinmu da ke aiki a Yamai ya aiko mana da kwamfutocin tebur guda shida, tsofaffin na ofis, masu Core i3 da Core i5 na tsakanin 2012 da 2014. Murna ba a magana. Muna da faifan sola a kan rufin ofishin direkta da batir biyu, sai kwamitin COGES ya zauna don a ga abin da ya rage a saya. A zaman ne wani matashi, tsohon ɗalibinmu da ya ɗan zauna a Kano, ya ce waɗannan kwamfutoci ba za su nuna bidiyon darasi yadda ya kamata ba sai an sa musu katin hoto. Da zuciya ɗaya ya yi maganar, kuma da ƙarfin gwiwa. Iyaye suka juyo suna kallona, tunda ni ne malamin kimiyya. Na yi shiru. Kunya ce ta hana ni in ce a ba ni mako guda in bincika, kuma wannan shirun nawa shi ne kuskure na farko a labarin nan.

Ma'ajin kwamiti, dattijo mai amana, ya bi mota zuwa Damagaram ya dawo da kwali biyu, iyakar abin da kuɗin ya isa ke nan. A jikin kowanne an rubuta GeForce GT 730, ga kuma "4GB" ɓaro-ɓaro. Ya miƙo mini yana cewa: "Mushe, ga su. Mai shagon ya ce akwai na giga biyu, amma wannan ya ninka shi. Na ce ƴaƴanmu ba za su yi karatu da ƙarami ba." Na ce: "Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma." Muka sa su a kwamfuta biyu, muka bar huɗu yadda suka zo.

Mako biyu ina lura. Aka kalli bidiyon darasi, aka zana kusurwoyi a GeoGebra, aka koyi buga rubutu. Babu ɗalibi ko ɗaya da ya iya nuna mini wacce ce mai kati, wacce ce marar kati. Abin da ya bambanta su kawai shi ne ƙarar fanka.

Suna ɗaya, kati uku

Sai a lokacin na je neman bayanin da ya kamata in nema tun kafin zaman kwamiti. GT 730 ya fito a 2014 daga kamfanin NVIDIA na Amurka, kuma kati uku ne daban-daban suke amsa wannan suna. Kamfanin bai ɓoye ba, ya jera su ukun a takardar bayaninsa, mu ne ba mu karanta ba. Na farko ƙwaƙwalwarsa GF108 ce, wadda ta fara fitowa tun 2010 a katin GT 430. Tana da ƙwayoyin lissafi 96, ma'ajiyar katin nau'in DDR3 ce, yana shan wuta har wat 49. Na biyu yana da ƙwaƙwalwar GK208 mai ƙwayoyi 384, shi ma da DDR3, amma wat 23 kawai yake sha. Na uku GK208 ɗin ce dai, sai dai ma'ajiyarsa mai sauri ce, GDDR5, kuma shi ne ya fi duka ƙarfi, ko da yake yawanci giga ɗaya ko biyu yake ɗauke da shi. Da na buɗe wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna GPU-Z, sai ta nuna namu GF108 ne, ƙwayoyi 96. Wato mun ɗauko mafi tsufa a cikin ukun, kuma mafi shan wuta, don kawai kwalinsa ya fi babbar lamba.

Ga yadda na bayyana wa ma'aji, kuma duk manomin gero a Damargu zai gane. Giga shi ne girman rumbu. Ƙwayoyin lissafi su ne masu daka. Saurin ma'ajiya kuwa shi ne faɗin bakin rumbun, wato hatsi nawa ke iya fita a lokaci guda. In ka gina ƙaton rumbu amma masu dakanka ƴan kaɗan ne, girman rumbun ba zai sa tuwo ya sauka da wuri ba. A takarda, namu yana fitar da giga 28.8 a daƙiƙa, na biyun 14.4, mai GDDR5 kuma 40. Wani kati mai suna GTX 750 Ti, wanda shi ma a 2014 ya fito, giga biyu ne da shi, amma ƙwayoyinsa 640, kuma abin da yake fitarwa ya haura giga 86 a daƙiƙa. Ya ninka namu ƙarfi sau da yawa da rabin rumbun namu. Kati mai ƙwayoyi 96, kafin a ba shi aikin da zai cika giga huɗu, tuni ya durƙushe. Dattijon ya jima bai ce komai ba, sannan ya ce: "Ashe kifi na saya a ruwa." Na ce: "Baba, tare muka saya."

Ba GT 730 kaɗai ke da wannan hali ba. GT 1030 ya fito a 2017 da GDDR5 mai fitar da giga 48 a daƙiƙa, a 2018 kuma aka fitar da wani mai DDR4 da bai kai giga 17 ba, suna ɗaya, kwali kusan ɗaya. Akwai ma na jabu da ke yawo a kasuwannin duniya, inda ake ɗaukar tsohon kati a sauya masa bayanin ciki don ya riƙa nuna sunan sabo.

Me ya sa ba mu ga bambanci ba?

Dalilin shi ne kwamfutocin namu da katin hotonsu suka zo, a ciki. Tun daga 2010 kamfanin Intel ya fara haɗa sashen hoto a cikin yawancin Core i3 da Core i5, kuma wannan sashe yana buɗe bidiyo nau'in H.264 da kansa, wanda shi ne nau'in yawancin bidiyon da muke turawa juna a waya. A wasannin kwamfuta katin da muka saya zai iya ɗan fin sashen cikin, amma nuna rubutu, da zanen lissafi, da bidiyon darasi, ba aiki ba ne da ke gajiyar da shi.

Bidiyon YouTube da ke tsayawa yana juyawa kuwa, nan ma katin ba shi da abin yi. Da yawa daga bidiyon YouTube na yanzu nau'in VP9 ne ko AV1, kuma babu ko ɗaya cikin GT 730 ukun nan da ke buɗe su da kansa, ƙwaƙwalwar kwamfutar ce ke ɗaukar nauyin. Bayan haka, duk wanda ya zauna tsakanin Tanut da Belbeji ya san cewa in bidiyo ya tsaya, rezo ake fara tuhuma. Babu katin da ke jawo rezo.

Wuta, ƙura da zafi

Waɗanda suke auna waɗannan katuna a Turai da Amurka, tambayarsu ita ce hoto nawa kati ke zanawa a daƙiƙa a cikin wasa. Mu tambayarmu ta farko ita ce wuta nawa yake sha. Mu yi lissafin aji. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe da wat-awa 2,400, kuma in irin na dalma ne, mai son ya daɗe ba ya shan fiye da rabi, wato 1,200. Da a ce mun sa wa kwamfuta shida kati mai wat 49, suna cikakken aiki, wat 294 ke nan. A awa huɗu sun sha 1,176. Batir guda sukutum ya tafi a kan katunan kaɗai, ba a zo kan kwamfutocin da allunansu ba. Gaskiya ne a aikin aji kati ba ya kai wannan iyaka, amma ko zaune yake yana shan rabonsa, kuma rabon nan daga lokacin karatun yara ake cire shi. Makarantun da ke kan layin lantarki su ma ba su tsira ba. Ba mu manta da watannin da suka biyo bayan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, har zuwa bayan ɗage takunkumin CEDEAO a Fabrairun 2024. Wanda ya ga wancan lokaci ya san darajar kowane wat.

Akwai kuma tsofaffin manyan katunan wasa da ake samu da araha. GTX 480 na 2010 wat 250 yake sha, GTX 760 na 2013 kuma wat 170. Ramin da ake soka kati a cikin kwamfuta wat 75 ne iyakar abin da yake bayarwa, sauran sai da wayar wuta ta daban. Ƙananan kwamfutocin ofis irin namu, akwatin wutarsu gaba ɗaya wajen wat 240 ne, kuma yawanci ba su da wannan waya. Wanda ya tilasta, zai iya rasa kati da kwamfuta a rana ɗaya. Araha ba ta ado.

Sai ƙura. Duk abin da kati ya sha na wuta, zafi yake zama, ɗan fankan da ke kansa kuma shi ke fitar da zafin. A hunturun Damargu, ajin da tagoginsa ba su da gilashi, ƙura har cikin littafi take shiga. A watan Fabrairu fankan ɗaya daga cikin katunanmu ya fara kuka. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya tsaya cik. Allo ya cika da zane-zane, kwamfutar ta riƙa mutuwa ana tsakiyar darasi, har yara suka ce ta lalace. Na buɗe ta, na zare katin, na mayar da wayar allo bakinta na asali. Ta tashi garau, kuma har yau tana aiki.

Abu na ƙarshe shi ne direba, wato manhajar da ke sa kati da kwamfuta su fahimci juna. NVIDIA ya daina sabunta direban zuriyar GF108 a Afrilun 2018. Zuriyar GK208 kuma an daina mata sabuntawar yau da kullum a Oktoban 2021, gyaran tsaro ya ci gaba zuwa Satumban 2024. Kati ba ya mutuwa don an daina sabunta masa direba, amma sababbin manhajoji suna ƙara juya masa baya shekara bayan shekara. Wanda zai saya ya san wannan.

Inda matashin nan yake da gaskiya

Ba zan yi wa tsohon ɗalibina rashin adalci ba. Da muka sake zama, ya ce mini: "Mushe, to mu ƴan Damargu kullum a buga rubutu za mu tsaya? Yaran birni suna koyon haɗa bidiyo da zanen gini." Wannan magana ta shige ni, kuma gaskiya ce. Matatar man SORAZ tana nan a ƙasar Tanut tun 2011, jami'ar André Salifou tana Damagaram, kuma ƴaƴanmu suna da haƙƙin su shiga waɗannan wurare da ƙwarewa a hannu. Amma hanyar ba ita ce a watsa kuɗi a kan kati mai rauni a kowace kwamfuta ba. In makaranta tana da malamin da zai koyar da irin wannan aiki, a zaɓi kwamfuta ɗaya mai babban akwati da isasshiyar wuta, a sa mata kati ɗaya na ƙwarai, irin GTX 750 Ti mai wat 60, wanda yawancinsu ba sa bukatar wayar wuta ta daban. Yara su riƙa karɓa-karɓa.

Akwai wasu lokuta da ƙaramin kati yake da amfani. In bakin allo na kwamfutar ya lalace, kati zai ceto ta. In ana son haɗa ta da talabijin ko majigi mai bakin HDMI alhali ita ba ta da shi, kati zai yi. In kwamfutar ta girmi 2010, irin masu Core 2 Duo, kuma bidiyo mai kyau yana sarƙe ta, nan ma zai taimaka. A irin wannan hali, GT 710 na 2016 ya wadatar: ƙwayoyi 192, wat 19, kuma akwai irinsa marar fanka, mai faffaɗan ƙarfen sanyaya kawai. Abin da ba shi da fanka, ƙura ba ta da abin tsayarwa a jikinsa. A kuma duba bakin allo kafin a biya, domin tsofaffin allunanmu VGA suke amfani da shi, yawancin GT 1030 kuwa ba su da wannan baki.

Inda kuɗin ya kamata ya tafi

Da za a mayar da ni wancan zama, ga abin da zan ce. A fara da faifan ajiya na SSD. Tsohon faifai mai juyawa yana karanta wajen mega 100 zuwa 150 a daƙiƙa, SSD na talaka yana kai wa wajen 500, ba shi da abin da ke motsi a ciki, kuma wutarsa kaɗan ce. Da muka sa wa kwamfuta ɗaya a bana, yara da kansu suka gane ta, har suna rige-rigen zama a gabanta. Bayan SSD sai RAM, daga giga huɗu zuwa takwas. Sai na'urar daidaita wuta ga masu layin lantarki, ko ƙarin batir ga masu sola. Sai yadin rufe kwamfutoci bayan an tashi, da busa musu ƙura kowane wata a lokacin hunturu. Wannan na ƙarshen kusan kyauta ne, kuma shi ya fi tsawaita musu rai.

Manhajojin da muke bukata kyauta ne, kuma suna aiki ba tare da intanet ba. Kiwix yana ajiye Wikipedia ta Faransanci da ta Hausa a cikin kwamfuta. GeoGebra na lissafi ne, GCompris na ƙananan yara, Scratch na koyon tsara manhaja, LibreOffice na rubutu da jadawali. Stellarium kuwa, ka sa masa Tanut, ya nuna wa yara sararin samaniyar daren yau, su nemo Kaza da ƴaƴanta a allo, da dare su fita tsakar gida su gan ta da idonsu. Duk waɗannan suna tafiya a kwamfutocinmu marasa kati.

Ga iyaye da kwamitoci

Uba ko uwa, in ɗanka ya ce sai an saya masa katin hoto don karatu, kada ka yi masa tsawa, kada kuma ka ciro kuɗi nan take. Tambaye shi sunan manhajar da zai yi aiki da ita. In ta makaranta ce, da wuya ta bukaci kati. In wasan ƙwallon kwamfuta ne, ya faɗi gaskiya, ku yi maganar a matsayin wasa, ku yanke shawara daidai ƙarfin aljihu. Wasa ba laifi ba ne, laifin shi ne a saya shi da sunan karatu.

In kuma sayen ya zama dole, kada a biya sai an gwada a shagon. A tafi da GPU-Z a kile, a soka katin, a duba abu huɗu: sunan ƙwaƙwalwar katin, yawan ƙwayoyin lissafi, nau'in ma'ajiya, da abin da take fitarwa a daƙiƙa. Manhajar tana ma sa alama a kan wasu katunan jabu. A tambayi wat nawa yake sha, a gwada da lambar da ke jikin akwatin wutar kwamfutar. Mai shago na gaskiya ba zai ƙi gwaji ba, kuma da yawa cikinsu su ma abin da ke jikin kwali suke maimaitawa.

Ku kuma ƴan uwana malamai, kuɗin COGES ba daga sama yake faɗowa ba. Wani tiyar gero ya sayar, wata akuya ta kai kasuwa. In iyaye suka juyo suna kallonmu, amana suka ba mu, kuma "a ba ni mako guda in bincika" amsa ce ta malami, ba abin kunya ba. Katin da ya mutu yana nan a aljihun teburina. Kowace shekara nakan fito da shi ga ɗaliban ajin ƙarshe, masu shirin jarrabawar BEPC, in rubuta lambobin katunan nan uku a allo ba tare da suna ba, in ce su zaɓi wanda za su saya wa makaranta mai batir biyu, su kuma kare zaɓinsu da lissafi. Bara wata ɗaliba ta zaɓi mai wat 23, sannan ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, in ba dole ba, kada a sayi ko ɗaya." Na ba ta cikakken maki.

Allah ya sa mu dace, ya yi wa karatun ƴaƴanmu albarka.